Kwangilar gwamnati da cin hanci: abin da bincike ya tono a birnin Monreyal

Ranar 17 ga watan Yuli na shekarar 1976 aka buɗe wasannin Olimpik a Monreyal, birni mafi girma a jihar Kebek ta ƙasar Kanada, inda akasarin mutane ke magana da Faransanci. Dattawan da ke bin labarin wasanni ba su manta da wannan shekara ba, domin ƙasashen Afirka fiye da 20, har da Nijar, sun janye ƴan wasansu, saboda an ƙi korar ƙasar Niyuzilan wadda ƴan ƙwallon zari-rugarta suka je wasa Afirka ta Kudu a zamanin wariyar launin fata. Mutanen Monreyal kuwa abin da ya hana su mantawa dabam ne. Babban filin wasan da aka gina domin bikin, ranar da aka buɗe shi ba a gama shi ba: babu rufi, hasumiyar da aka zana kuma ba a kammala ta ba. Bashin ginin sai a 2006 aka gama biyansa, watau bayan shekara 30 cur.

Da farko an ƙiyasta filin zai ci dala miliyan 134. Kada mai karatu ya ɗauka dalar kasuwar Maraɗi ce mai tamma biyar. Dalar Kanada ake nufi, wadda guda ɗaya take wajen tamma 400 na sefa. Ginin kuwa ya ci wajen miliyan 770. Da aka haɗa kuɗin ƙarasa hasumiya, da rufi, da gyare-gyare, da ruwan bashi, jimillar ta kusa miliyan 1,500. Da harajin da aka ɗora wa taba aka biya kaso mai yawa na wannan bashi, har ya zama akwai yaran da aka haifa bayan an gama wasannin, suka girma, suka fara shan taba, suka taras da bashin yana jiransu.

Magajin garin na lokacin, Jean Drapeau, ya taɓa faɗa wa jama'a cewa wasannin ba za su jawo asara ba, kamar yadda namiji ba zai haihu ba. Gaskiya ne tsadar kaya ta shekarun 1970 ta yi nata ɓarna, yajin aikin magina ya ci watanni, zanen da Bafaranshe Roger Taillibert ya yi kuma yana da wuyar ginawa. Amma an ba da ayyuka da yawa ba tare da an sa ƴan kwangila takara ba, wasu kuma an ba da su bisa sharaɗin a biya ɗan kwangila duk abin da ya kashe sa'an nan a ɗora masa riba a kai. Wanda aka yi wa irin wannan sharaɗi, me zai sa shi tsimi? Iyakar kashewarsa iyakar ribarsa. A watan Nuwamba na 1975 gwamnatin jiha ta ƙwace aikin daga hannun birnin don kada a ji kunyar duniya. Kwamitin bincike na mai shari'a Albert Malouf ya fito da rahotonsa a 1980, ya ɗora wa magajin gari mafi girman laifi. Drapeau ya yi alkawarin zai rubuta littafi ya mai da amsa. Bai rubuta ba, ya kuma ci gaba da riƙe garin har 1986.

Wancan bincike ya nuna sakaci da gaggawa. Yadda ake shirya cin kuɗin kwangila tun daga tushe kuwa, sai bayan shekara 30 da ƴan kai aka ji shi daga bakin masu yi.

Kwamitin Charbonneau

A 2009 ƴan jarida, musamman na gidan Radio-Canada da jaridar La Presse, suka shiga tono maganar kwangilolin birnin. A wannan shekara aka soke kwangilar kafa mitocin ruwa ta dala miliyan 356, wadda ba a taɓa ba da irinta ba a tarihin Monreyal, bayan mai binciken kuɗin birnin ya nuna an karya ƙa'idoji wajen ba da ita. Ƴan sandan jiha suka kafa rundunar bincike ta musamman. Jama'a suka matsa a kafa kwamiti wanda zai saurari shaidu a bainar kowa. Gwamnatin Jean Charest ta yi shekara biyu tana ja da baya, sai a watan Oktoba na 2011 ta amince. Aka naɗa mai shari'a France Charbonneau shugaba. Mace ce da aka sani da ƙarfin hali, domin lokacin da take lauyar gwamnati ita ce ta tsaya har aka ɗaure shugaban wata ƙungiyar miyagu masu yawo bisa babura a 2002.

Kwamitin ya saurari shaidu wajen 300, ana nuna zaman a talabijin, mutane suna kallo kamar wasan kwaikwayo. Wanda ya fara fasa ƙwan shi ne Lino Zambito, tsohon mai kamfanin gina magudanan ruwa, wanda ya yi kwanaki yana bayani a ƙarshen watan Satumba da farkon Oktoba na 2012.

Doka ta ce idan birni zai yi aiki sai ya yi shela, kowane ɗan kwangila ya kawo tayinsa cikin ambulan a liƙe, a buɗe gaban jama'a, a ba wanda ya fi rangwame. Abin mamaki shi ne ba a taɓa fasa bin wannan doka ba. Ana shela, ana kawo ambulan, ana buɗewa, ana ba mai araha, takardu kuma tsaf. Sai dai kafin ranar buɗewa, kamfanoni kamar goma da ke aikin magudanai sun riga sun raba ayyukan shekara tsakaninsu, yau naka gobe nawa, tamkar adashi. Wanda kwasa ta zo kansa shi ne zai nemi sunayen duk waɗanda suka karɓi takardun aikin, ya bi su ɗaya bayan ɗaya yana faɗa musu adadin da za su rubuta, wanda ya ɗara nasa. Masu aikin kwalta suna da tasu ƙungiya, masu gina gefen titi na masu tafiya ƙasa suna da tasu. Wani tsohon injiniyan ma'aikatar sufuri, François Beaudry, ya bayyana cewa har zaurance gare su a waya: sai a yi kamar ana shirya wasan golf, wasan masu hannu da shuni da ake jefa ƴar ƙwallo cikin ramuka, a ce za a fara daga rami na huɗu, mutum tara za su zo. Ma'ana, tayin da zai ci miliyan 4.9 ne, kowa ya hau sama da haka.

Baƙo da ya zo daga wani gari da niyyar takara ta gaskiya, akan fara da lallashi. Wani mai ɗan kamfani daga birnin Kebek ya shaida wa kwamitin cewa da ya nace sai ya nemi aiki a Monreyal, an kira shi a waya an yi masa kashedi, daga baya kuma aka aiko masa da katin ta'aziyya, alhali ba a yi masa rasuwa ba.

Masu wannan kashedi su ne ƙungiyar Mafiya ta gidan Rizzuto, kuma ba kyauta suke yi ba. A faɗar Zambito, kowace kwangilar da aka shirya ana cire musu kashi 2.5 cikin 100. Kwamitin ya nuna hotunan da ƴan sandan tarayya suka ɗauka a ɓoye cikin wani gidan shan kofi mai suna Consenza, inda ake ganin ƴan kwangila suna shigowa da damman kuɗi, tsoho Nicolo Rizzuto yana karɓa yana cusawa cikin safarsa. Zambito ya ce daga wajen 2005 an ƙara wani kashi 3 cikin 100 na jam'iyyar da ke mulkin birnin. Wani shugaban kamfanin injiniyoyi, Michel Lalonde, ya zo a watan Janairu na 2013 ya ce su ma masu zane da lura da ayyuka haka suke yi, suna kai nasu kashi 3 ga mai tara wa jam'iyyar kuɗi, Bernard Trépanier. Shi Trépanier ya musanta, ya kuma rasu a 2018 ba a yanke masa hukunci ba.

Ma'aikata biyu

Duk wannan shiri ba zai yi tafiya ba in babu hannu daga cikin gida. Idan ɓera na da sata, daddawa ma na da wari. Domin kafin a yi shela, ofishin ayyuka na birnin yakan yi nasa ƙiyasi, kuma idan tayin da ya fi araha ya zarce ƙiyasin da nisa, dole a yi tambaya. Saboda haka ƴan kwangila suna bukatar mutumin da zai ɗaga ƙiyasin tun kafin su kawo tayi.

Mutumin shi ne Gilles Surprenant, injiniyan birnin mai tsara ayyukan magudanai. Ba minista ba ne, ba shugaban ma'aikata ba ne, ma'aikaci ne mai albashi kamar dubbai irinsa. Ya gaya wa kwamitin cewa abin ya faro ne a farkon shekarun 1990, lokacin da wani tayi ya zo ninki biyu na abin da ya ƙiyasta, ya yi niyyar ya hana. Sai aka gayyace shi cin abinci, ɗan kwangilar ya nuna masa a fakaice cewa masu hana su cin abinci kawar da su ake yi. Ya sa hannu. Bayan ƴan kwanaki aka miƙa masa ambulan mai ƴan dubbai. Daga wajen shekarar 2000 abin ya zama ƙa'ida, har ƴan kwangila suka raɗa wa rabonsa suna. A Kanada akwai harajin saye da ake taƙaitawa TPS. Sai suka ce haruffan nan uku na nufin harajin Surprenant. Kafin ya yi ritaya a 2009 ya karɓi kimanin dala 700,000 a kan kwangiloli wajen 90, watau wajen miliyan 280 na sefa, ban da tafiye-tafiyen hutu, da kwalaben giya, da tikitin kallon wasa.

Hanyar da ya bi ta cancanci a tsaya a kanta, domin ita ce zuciyar al'amarin. Ofishin yana da kwamfuta mai fitar da ƙiyasi ta hanyar duba farashin ayyukan da aka yi a baya. Da aka shigar da kwangilar farko da aka kumbura, sai matsakaicin farashi ya hau. Ta biyu ta zo ta hau bisa ta farko. Bayan ƴan shekaru, na'urar da aka saya don ta kama tsada ita ce ke ba da shaidar cewa tsadar daidai take. Inda tayi ya zarce ko wannan, sai Surprenant ya rubuta ƴar takarda ya kawo dalili: ƙasar wurin tana da wuya, titin yana da cunkoso, kayan aiki sun hau. Manyansa su sa hannu, majalisar birni ta amince. Shi da bakinsa ya ce ta haka farashin ayyukan ya ƙaru da kashi 30 zuwa 35 cikin 100. Abin nufi, kuɗin da ya isa a shimfiɗa bututu a tituna huɗu, a uku yake ƙarewa, na huɗun kuma mazauna cikinsa su yi ta jiran baɗi.

Kuɗin bai yi masa albarka ba. Ya ce kaso mai yawa a gidan caca ya zubar da shi, yana mai cewa wai hanyarsa ke nan ta mai da wa gwamnati kayanta, tun da gidan cacar na gwamnati ne. Saura fiye da dala 120,000 da ya ɓoye a gida ya kwasa ya miƙa wa masu bincike, ya ce ya huta da ganinsu.

Na biyun, Luc Leclerc, aikinsa yana farawa ne inda na Surprenant ya ƙare. Shi ne injiniya mai lura da aiki a fili, mai sa hannu cewa an haƙa kaza, an zuba kaza, a biya. A kowace kwangila akan ware wani kaso, galibi wajen 10 cikin 100, don abin da ba a zata ba, misali a haƙa rami a taras da dutse ko tsohon bututu. Wannan tanadi na hankali ne, ba mai gini da zai ce bai san irinsa ba. Leclerc sai ya mai da shi rumbun kansa. Idan an fasa dutse kaɗan, a rubuta mai yawa. Idan ba a taras da komai ba, a ƙirƙiro. Wa zai tone titin da aka riga aka rufe da kwalta don ya auna dutsen da aka ce an fasa a ƙarƙashi? Daga kowane ƙarin ƙarya yana ɗaukar kashi 25 cikin 100. Ya amsa cewa ya karɓi fiye da dala 500,000, kuma ƴan kwangila sun yi masa ayyuka kyauta a gidansa. Abin da ya fi ba masu kallo haushi shi ne yadda ya yi bayanin cikin fara'a, yana yabon kansa da iya aiki, yana ba da labarin yadda shi da Surprenant suka taɓa buga golf da Vito Rizzuto, shugaban Mafiyar, a wata tafiyar hutu, ya ce mutumin kirki ne.

Ya kuma faɗi wata magana da ta fi adadin kuɗin nauyi, cewa a ofishinsu karɓar kyauta ba abin ɓoyo ba ne. Lokacin bikin ƙarshen shekara motocin kamfanoni kan zo da kaya a raba wa ma'aikata, babba da yaro, ba mai jin ya yi laifi. Cikin irin wannan gida, wanda ya ƙi karɓa shi ne bare. Tun a 2004 wani rahoto na cikin gida ya nuna cewa birnin yana biyan ayyukansa da tsada fiye da ƙima domin kasuwar a rufe take. Rahoton ya kwana cikin aljihun tebur har 2012.

Kanada ba baƙuwa ba ce ga Nijar. Da taimakonta aka shimfiɗa hanyar Haɗin Kai daga Gure zuwa Ngigmi a shekarun 1970, kuma ƙasa ce da ake kafa misali da ita wajen tsabtar mulki. Ma'aikacin da ya taɓa zama cikin kwamitin buɗe tayi a Yamai, ko Damagaram, ko Tawa, zai gane takardun nan duka, domin su ne a gabansa: ƙiyasin hukuma, da tayin ƴan kwangila, da takardar ƙarin aiki, da takardar karɓar aiki bayan an gama. A Monreyal ba a rasa ko ɗaya daga cikinsu ba, kowace da sa hannu da hatimi. Mai binciken da ke duba takarda kaɗai zai iya shekara goma bai ga komai ba.

Wanda ya biya da wanda ya sha

Magajin garin Monreyal, Gérald Tremblay, ya yi murabus ranar 5 ga Nuwamba na 2012, yana cewa amanarsa aka ci, bai san abin da ake yi ba. Ba a kuwa tuhume shi a kotu ba. Wanda ya gaje shi, Michael Applebaum, ya hau da alkawarin share gida, bayan wata bakwai ƴan sanda suka kama shi bisa cin hancin da ya yi tun yana shugaban wata unguwa, a 2017 aka yanke masa shekara guda. A Laval, birnin da ke maƙwabtaka da Monreyal, abin ya fi muni, domin can ofishin magajin gari ne da kansa ke zaɓen wanda zai ci kowace kwangila. Gilles Vaillancourt, wanda ya riƙe garin daga 1989 zuwa 2012, ya amsa laifinsa a watan Disamba na 2016, aka yanke masa kusan shekara shida, ya mai da fiye da dala miliyan 8, mafi yawansu daga asusun da ya ɓoye a Suwis. Tony Accurso, ɗaya daga cikin manyan ƴan kwangilar jihar, an yanke masa shekara huɗu a 2018 kan wannan shari'a ta Laval.

Rahoton kwamitin ya fito ranar 24 ga Nuwamba na 2015, shafi fiye da 1,700 da shawarwari 60. Aikin ya ci kusan dala miliyan 45. Bai gamsar da kowa ba. Ɗaya daga cikin mambobin, Renaud Lachance, tsohon babban mai binciken kuɗin jiha, ya ƙi yarda cewa an tabbatar da alaƙa tsakanin gudummawar da ake ba jam'iyyun jiha da kwangilolin da gwamnatin jiha ke bayarwa, alhali shaidu sun nuna yadda kamfanonin injiniyoyi ke sa ma'aikatansu su ba da gudummawa da sunansu, sa'an nan a mai da musu kuɗinsu, don kauce wa dokar 1977 da ta hana kamfani ba jam'iyya kuɗi. Jama'a da dama sun ga kamar an kama ƙananan kifaye ne, manyan sun nutse.

Duk da haka an canza wasu abubuwa. Tun daga ƙarshen 2012 kamfanin da ke neman babbar kwangilar gwamnati sai ya sami takardar shaidar gaskiya. An rage gudummawar da mutum ɗaya zai ba jam'iyya zuwa dala 100 a shekara. A 2014 Monreyal ta naɗa babban sufeto mai ikon dakatar da kwangila ko soke ta, a 2017 kuma jihar ta yi dokar kafa hukuma mai lura da kwangilolin gwamnati. An buɗe wa kamfanoni ƙofa su mai da abin da suka ci da kansu kafin a kai su kotu, aka samu kusan dala miliyan 95, abin da bai taka kara ya karya ba idan aka tuna shekara nawa aka yi ana ɗora kashi 30. Babbar shaidar cewa tsadar ba ta dutse ba ce, ba ta sanyin ƙasar ba ce, ita ce abin da ya faru tun kafin a ɗaure kowa: da ƴan sanda suka fara bincike a ƙarshen 2009, farashin tayi a Monreyal ya faɗi, kamfanonin da a da ba sa kusantar birnin suka fara kawo ambulan.

Filin wasan na 1976 yana nan tsaye. An ƙarasa hasumiyarsa mai tsawon mita 165 a 1987, aka ɗora rufin da aka ce zai riƙa buɗewa yana rufewa, ya yi ta yagewa. A 1991 wani ginshiƙin kankare mai nauyin tan 55 ya ɓalle ya faɗo, Allah ya kiyaye ba kowa a wurin. An sa sabon rufi a 1998, a watan Janairu na 1999 ya yage ƙarƙashin nauyin ƙanƙara. A watan Fabrairu na 2024 gwamnatin Kebek ta ba da sanarwar za ta yi masa rufi na uku, an ƙiyasta zai ci dala miliyan 870.